Katin Tsuntsuwa

Shafi na 19

Masu turo saƙo tun jiya, duk na karanta. Ke da kika ce in ba a mayar da yarinyar nan asibiti yau ba kin daina bina, ɗan gyara zama.

*

Kwana uku ke nan Tsuntsuwa ba ta haɗiyi abin kirki ba. Yarinyar da aka laƙaba wa wannan suna don ba ta iya tafiya sai da tsalle, ga ta kwance a katifa, wuya ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashi na fita da ƙara.

Shekaranjiya da Mama ta kai ta asibiti, likita ya buɗe katin rigakafinta, ya bi layukan da ido, ya rufe.

"Da katin bai cika ba, da na ce mashaƙo nake tsoro. Amma an yi mata komai. Ku ba ta wannan maganin, in bai sauka ba ku dawo."

Bai sauka ba. Tun da safe Mama ta miƙa wa maƙwabciya jaririnta don kada ya ɗauka, ta dawo ta zauna a bakin katifa da katin a cinya. Da can takarda ce kawai da take naɗewa a leda ta tura ƙasan akwati. Bara ta shiga ajin manya, yanzu in ta ɗora yatsa ta bi a hankali tana iya fitar da rana da wata. Ta bi layi na biyu sau uku. Ta tashi ta ɗauko littafinta na aji, ta buɗe shafin farko, ta ajiye su gefe da gefe.

A haka Goggo ta yi sallama.

Yayar maigidan ce, ma'aikaciyar rigakafi, shekara goma sha ɗaya tana bin gidaje da akwatin sanyi a kafaɗa. Ta sauke akwatin a bakin ƙofa, ta leƙa fuskar yarinyar.

"Ya mai jiki? Kai, wannan wuya! Kin shafa mata man zafi?"

"Yaya, zauna."

"Ina zan zauna, 'yan tawagarmu na jirana a bakin titi."

"Su jira."

Goggo ta dube ta da kyau. Shekara tara da auren ƙaninta, ba ta taɓa jin wannan murya a bakin matar ba. Ta ja kujera.

Mama ta juya katin ya fuskance ta.

"Karanta min nan."

"Au, 'yar makaranta, yau ni za a yi wa jarrabawa? Sha biyu ga Maris. Allura ta biyu."

"A ina aka yi mata?"

"A ina kuwa? A asibitinmu. Ga sa hannuna."

"Ranar farko a aji, malama ta ce kowa ta faɗi ranar da ba za ta manta ba, a koya mata rubuta ta. Ga tawa." Ta tura littafin. "Sha biyar ga Maris. Ranar da innata ta rasu. Wata biyu na yi ina jinyarta a garinmu, Tsuntsuwa na bayana. Ko fitsari zan yi da ita nake shiga. Yaya, wace yarinya kika yi wa allura ran sha biyu?"

Goggo ta yi dariya, dariyar ta fito a bushe.

"Kuskuren biro ne. Kin san yara nawa nake rubutawa a rana?"

"Ta uku ma kuskure ne? Tara ga Afrilu. Ban dawo ba."

"Ai da kika dawo na rama mata. Kin manta?"

"Ban manta ba. Sau biyu kika ɗauke ta. Na nemi ranakun a katin nan, babu su. Kuma duk biro ɗaya ne, Yaya. Daga haihuwa har wata tara, biro ɗaya, har inda ya fara ƙarewa ya nuna."

"To yanzu me kike so ki ce? Daga koyon baƙi sai tuhumar mutane?"

"Ba na so in ce komai. Tambaya nake. An yi mata ko ba a yi mata ba?"

Daga shagon da ke zauren gidan, ƙarar zarto ta tsaya. Goggo ta kalli ƙofa, ta sassauta murya.

"Ki rufa mana asiri. Yana jinmu."

"Ya ji."

Maigidan, Kafinta, ya ɗaga labule ya shigo, fensir a kunne, garin katako har gira. Ya fara duban 'yarsa, sannan matarsa, sannan katin.

"Me ake yi wa yarinya hayaniya a ka?"

Goggo ta kawar da kai.

"Da ku nake. Me ya fito da wannan takardar banzan?"

Mama ta miƙe.

"Baban Tsuntsuwa, zan faɗa maka abin da na ɓoye maka shekara uku, ka yi min duk abin da za ka yi. Da ka rantse ba za a soka wa 'yarka allura ba, na je na roƙi Yaya. Na ce ta riƙa ɗaukarta a ɓoye tana yi mata. Ta ce to. Duk ranar da ka ga ta fita da ita yawo, can na tura ta."

Ta jira tsawa. Kafinta ya cire fensir daga kunne, ya jujjuya shi, sai ya yi murmushi.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ranar da kika roƙe ta, kafin la'asar ta zo shago ta gaya min. Na ce ta ce miki to. Hankalinki ya kwanta, nawa ya kwanta. Ta cike kati, masu bin gida su daina cika min ƙofa da rubutun alli, makaranta ta karɓi yarinya in lokaci ya yi. Wa aka cuta?"

Mama ta juya a hankali.

"Yaya?"

Goggo na gyaran igiyar akwati.

"Yaya, audugar da kike dawo min da ita manne a cinyarta fa? Kina cewa in cire kafin ya shigo?"

"Auduga ce kawai."

"Kukan fa? Tana dawowa idonta jawur. Ina rarrashinta ina cewa yi haƙuri, lafiyarki ake nema."

Goggo ta ƙara jan igiyar.

"Na ce kukan fa?"

"Mintsininta nake yi a bakin ƙofa," in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Kaɗan. Don ki yarda."

Mama ta koma ta zauna. Ta tuna ranar da ta duba dantsen yarinyar ta ce ba ta ga tabon allurar haihuwa ba, Goggo ta ce wasu yaran ba sa yi. Ta tuna tawadar da ake shafa mata a ɗan yatsa duk zagayen ɗigon shan inna, tana ɓoye hannun a cikin riga kada uban ya gani. Ashe uban ne ya ce a shafa.

"Kar ki kalle ni haka," Goggo ta ce, murya ta fara tashi. "Ke kin san irin rantsuwar da ya yi? Cewa ya yi ranar da allura ta taɓa ta, ke kin bar gidan nan, ni kuma ko gawarsa kar in zo. Mu biyu uwarmu ta bari. Aurenki na riƙe miki, ba ki sani ba!"

"Na gode. Ga auren nan kwance a katifa, dube shi."

"Ke!" Kafinta ya nuna ta da fensir. "Ki iya bakinki da yayata. Ni na sa ta. In da laifi ni za ki kalla, kuma babu laifi. Ko kin manta ɗanmu na fari? Ranar Talata kika kai shi lafiyarsa ƙalau, suka soka masa, ranar Juma'a na ɗauke shi a hannuna zuwa maƙabarta. Da hannun nan. Ko tabarma bai cika ba."

"Ba ƙalau na kai shi ba."

"Me?"

"Kwana huɗu yana gudawa kafin Talatar. Na gaya maka. Ka ce haƙori ne, kana da ƙofofi shida da za ka kai wa mai gini."

"Ƙarya kike!"

"Shekara bakwai ina jin ka kana ba mutane labarin a shago, kana tsallake kwana huɗun. Ban taɓa gyara maka ba. Na ce uba ne, da abin da zai riƙe."

Fensir ya karye a hannunsa. Ya jefar da shi.

"To sannu, malama. Tun da kika fara rataya jaka kike ganin kowa jahili. Bari in tambaye ki. In yaro na zazzaɓi ka je wurinsu, sai ka wuni a benci, su ce babu magani, je waje ka nema. Amma wannan abin, su za su biyo ka har ɗaka, rana da zafi, suna roƙo, suna barazana. Yau su ce ba kati ba makaranta, gobe su kai sunanka ofis. Tun yaushe suka fara sonmu haka? Ke ba ki taɓa tambayar kanki ba?"

"Na tambaya. Ban san amsa ba. Abin da na sani, likita ya ce da katin bai cika ba da wata cutar zai nema. Ya sallame mu saboda takardar da ku biyu kuka haɗa. Kwana biyu ina ɗura mata maganin da ba nata ba."

Goggo ta ɗago da sauri.

"Wace cuta ya ce?"

"Mashaƙo."

Goggo ta tashi, ta durƙusa gaban katifa, ta kunna fitilar wayarta. "Tsuntsuwa, buɗe wa Goggo baki. Haa. Yauwa 'yar albarka." Ta leƙa. Ba ta daɗe ba ta ja da baya, ta goge hannu a jikin riga, ta sake gogewa.

"Ƙanena, a tafi asibiti. Yanzu."

"Ke ma?"

"Na ce yanzu!"

Yarinyar ta yi tari, tarin ya maƙale, ta buɗe ido tana neman iska, hannunta ya damƙi gefen wandon ubanta. Kafinta ya sunkuya. Duk unguwar an san yadda yake da ita, a kafaɗa yake zuwa da ita sayen ƙusa. Ya ɗauke ta cak, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Za a je. Amma ku saurara. Kati ya cika. Abin da za a faɗa ke nan. Su duba ta su canja magani. Duk wadda ta buɗe baki, Yaya ta rasa aikinta, ƙila har a rufe ta, ni kuma su zo su juye min gida. Kin ji ko?"

"Don Allah, ƙanwata," in ji Goggo. "Za su gane da kansu in sun leƙa. Ba sai an ambaci kati ba. Marayu huɗu nake ci da su da aikin nan."

Mama ta naɗe katin a leda, ta ɗauki mayafi. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Su kuma suka ɗauka shirun da suka saba ne.

*

A asibiti benci ya cika har ƙofa. Goggo ta bar akwatinta wurin mai gadi, ta shige gaba, ana ta gaishe ta, mai shara ma sai da ya ce "Anti, yau ba fita?" Da sanayyarta aka tsallake layi.

Likitan shekaranjiya ne. Ɗaki ƙarami, gado ɗaya da roba a kai, fanka na juyi ba iska. Bai ɗago sosai ba, yana rubutu.

"Na tuna ta. Mai cikakken kati. Bai sauka ba?"

"Bai sauka ba, likita," in ji Kafinta. "Ko za a canja mata wani."

"Wani lokaci na farkon ba ya kamawa. Kawo katin in sake gani." Ya buɗe, ya ga sa hannun, ya dubi Goggo. "Au, 'yarki ce? Ai shi ke nan, ba a hannun baƙo take ba." Ya jawo takardar magani.

"Ba a yi mata ba."

A hankali Mama ta faɗa, har fanka ta kusa danne maganar.

"Na'am?"

"Ko ɗaya ba a yi mata ba, likita. Katin rubutu ne kawai."

"Kar ka kula ta," Kafinta ya ce da sauri. "Kwana uku ba ta yi barci ba, ba ta san abin da take faɗa ba."

"Duba dantsenta. Babu tabo. Duba ranakun Maris da Afrilu, ba ma garin."

Likita ya ajiye biro. Ya jawo takunkumi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu. "Kwantar da ita." Ya danne harshen da ɗan katako, ya haska. Wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗe a maƙogwaron, ta kusa rufe hanya. Ya taɓa wuyan hagu da dama. Da ya miƙe, muryarsa ta canja.

"Sista!"

Nas ta leƙo.

"Je ki ɗakin ajiya, maganin dafin mashaƙo, ki ce ni na ce. Da ruwa da allurar jijiya. Ki ce a buɗe ɗakin keɓewa. Gudu."

Ta fita, ƙofa ta rufu.

Sai ya juya kan Goggo. Bai ɗaga murya ba.

"Kwana biyu. Kin san abin da kwana biyu ke nufi a wannan cutar. Ke kike tsayawa gaban mata kina musu bayani da hoto."

"Likita, rantsuwa ya yi..."

"Ban tambaye ki ba. Akwai wasu yara a gidan?"

"Jariri," in ji Mama. "Wata biyar. Yana wurin maƙwabciya."

"Shi ma katin irin wannan ne?"

Mama ta dubi Goggo. Goggo ta dubi ƙasa.

"Maƙwabciyar tana da yara?"

"Biyar. Tare suke wasa da Tsuntsuwa, kofi ɗaya suke sha. Amma su an yi musu, duk layinmu ana yabonmu, ba gidan da..." Sai ta tuna wadda ta cike musu katin.

Likita ya juya.

"Nawa?" ya tambayi Goggo.

"Ba ni na nemo su ba. Shi yake turo min su daga shago. In mutum ya zo gyaran kujera ya yi ƙorafin masu bin gida, sai ya ce je ka wurin yayata."

"Na ce nawa?"

"Gida goma sha huɗu."

"Yara."

"Ban... za su kai arba'in."

Likita ya ɗauki waya ya fara danna lamba.

"Wa kake kira?" in ji Kafinta.

"Ofishin lafiya. Yau za a shiga layinku gida-gida. Duk wanda ya taɓa yarinyar nan za a ba shi magani, duk yaron da ke da katin matar nan za a fara masa daga farko."

"Da izinin wa?"

"Malam, zauna."

"Mutanen nan amana suka ba ni! Ni na ce musu ba wanda zai ji. Ka tura musu mota da masu allura, in fita in kalle su da wane ido? Kuma ita wannan da ka aika a ɗauko, mece ce?"

"Allura ce. Ta jijiya. In ba ta samu ba yau, ban ce maka za ta kai gobe ba."

"Haka suka ce min a kan na farkon. Lafiyarsa ake nema." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ba za ku yi min biyu ba."

Kafin kowa ya ankara ya sunkuci yarinyar daga gado. Kanta ya faɗa a kafaɗarsa, numfashin na fita da wani siririn fito. Likita ya saki waya ya zagayo tebur, Goggo ta kama rigar ƙaninta, ya fizge har maɓalli ya tsinke.

Mama ta riga shi ƙofa. Ta tura sakata, ta jingina bayanta, ta buɗe hannuwa ta dafe bango hagu da dama.

"Matsa."

"Ajiye ta."

"Na ce ki matsa, kar in manta a inda muke."

"Ka manta. Ka doke ni a gaban likita. Amma ajiye min 'yata."

"'Yarki? Ke kika tona mana asiri, kika kashe wa Yaya aiki, kika zubar min da mutunci a layi, yanzu kuma ki tare min hanya?" Ya matso har tana jin warin katako a jikinsa. "Wallahi in kika bari allurar nan ta shiga jikinta, a bakin aurenki."

"Ƙanena, ka janye!" Goggo ta fashe da kuka. "Ka janye, leɓenta ya fara baƙi, dube shi!"

Bai duba ba. Matarsa yake kallo, ƙafarsa ɗaya a gaba, yana jiran ƙofar ta motsa ko da faɗin tafin hannu ne.

Aka buga ƙofar daga waje, bugun ya ratsa bayan Mama.

"Likita! Ga maganin! Wa ya kulle? A buɗe!"